Shirun da Ke Cikin Waƙar Kwaɗo

Duk yaron da ya tashi a Abuja ya san waƙar kwaɗon nan da ya je kasuwa sayen takalmi. Ana rera ta a makarantun raino, ana sa ta a wuraren biki, na ma taɓa jin ta a wayar wani ƙaton mutum mai gemu a layin banki, kira ya shigo masa kwaɗo ya kama tsalle a aljihunsa, ko kunya bai ji ba. Abin da ba su sani ba shi ne mahaifina ne ya yi waƙar, kuma saboda ni ya yi ta. Na daina faɗa ma, domin duk wanda na gaya wa sai ya yi mini irin murmushin da ake yi wa mai taɓin hankali.

Kaset ɗaya tal nake da shi mai muryar Baba, kuma labarin yadda na ɗauki kaset ɗin da hannuna na kai wa wani sakarai a Utako nake so in bayar. Amma sai na fara daga Karu.

Baba mai shayi ne. Daga wani ƙauye na arewa ya zo tun ana sare dajin garin nan, ya kafa teburinsa a bakin titin Karu, ya auri mahaifiyata, 'yar Gbagyi mai noman doya. Lokutan aikinsu sun saɓa. Shi safe da yamma ne, ita kuwa tun fitowar rana tana gona sai la'asar, don haka tsakar rana a hannunsa nake wuni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, uwata yake ce mini. Ina shekara huɗu na yi ƙyanda. Ciwon ya tafi, ya tafi da cin abincina. Mama ta ce na koma daga ƙashi sai ido, cokali in ya doso ni sai in datse haƙora in juya wa bango fuska. Ita maganin da ta sani ɗure ne, a matse yaro tsakanin cinyoyi a zuba masa ko yana so ko ba ya so. Baba ya ce ba za a yi wa uwarsa ɗure yana raye ba.

Sai ya zauna a kan benci da kofin kunu ya ƙirƙiro shirme. Kwaɗo ya je kasuwa zai sayi takalmi. Ya je rumfar mai na roba, aka gwada masa, ya yi masa yawa. Ya je rumfar mai na fata, ya matse shi. Haka yake bin rumfuna ɗaya bayan ɗaya, kuma a ƙarshen kowane baiti kwaɗo yana buɗe baki zai taya. Nan Baba zai wage nasa bakin iya wagewa, ni kuma dariya ta sa in wage nawa, cokali ya shige. Daga nan sai ya yi shiru. Ba ya ci gaba sai ya ga maƙogwarona ya motsa. In na haɗiye, ya ƙwanƙwasa cokali a bakin kofi sau biyu, kwaɗo ya wuce rumfa ta gaba. Wani shirun gajere ne, wani kuwa har mutum ya yi alwala ya gama, domin nakan ajiye kunun a kumatu ina kallonsa, shi ma yana kallona. Bai taɓa ƙosawa ba. A haka na farfaɗo. Kwaɗon kuma bai taɓa samun takalmin ba, domin waƙar ba ta da ƙarshe, inda kunu ya ƙare nan take tsayawa.

Muna da maƙwabci mai sayar da kaset, yana da rediyo mai baki biyu da yake kwafar wa'azi da waƙoƙin da direbobi ke so. Masu wannan sana'ar a lokacin suna da wata ƙa'ida: in an kwafe abu zare ya rage a ƙarshen kaset, ba a barinsa wayam, domin mai saye zai ce an cuce shi. Dole a cike wutsiyar da ko mene ne. Wata rana da tsakar rana ya leƙo ya tarar da mu, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya koma ya ɗauko rediyonsa ya ajiye a gefen benci ya danna jan maɓalli. Komai ya shiga: muryar Baba, ƙarar cokali, tarina, kazar da ke tono a ƙarƙashin benci, da shirun nan duka da tsawonsa. A shiru na uku, wanda ya fi kowanne tsawo, in ka kara kunne sosai za ka ji Baba ya yi ƙasa da murya yana cewa, "Haɗiye, uwata. Ina nan, ba inda za ni."

Da wannan waƙar maƙwabcin ya riƙa cike wutsiyar kaset ɗinsa, inda zare ya ƙare nan kwaɗo ya tsaya. Direbobi suka ɗauka suka watsa. Mutum yana cikin sauraren wa'azi a kan azabar kabari, ana gamawa sai ga kwaɗo yana neman takalmi, mota ta ɗauki dariya. Na asalin kuwa maƙwabcin ya kawo wa Baba, ya rubuta "Kwaɗo" a jikinsa da jan biro.

Daga nan masu gyara suka shigo, kuma ban taɓa ganin taron mutanen da suka himmatu wajen gyara abin da bai lalace ba irinsu. Ta farko wata mai makarantar kuɗi ce a wajen unguwar Gudu. Ta tara yara masu fararen safa, ta kawo mai kiɗan fiyano, aka rera ta da sauri kamar ana kora su. Inda shirun yake ta sa tafi. Ta kuma ga bai dace a bar yara ba darasi ba, sai ta ƙara baiti na ƙarshe inda kwaɗo ya samu takalmi daidai ƙafarsa saboda ya yi haƙuri kuma yana gaida manya. Wannan ce ta fita a faifai, ita ce kuma yawancin mutane ke kira ta asali. Bayan ta sai wani mawaƙi, irin masu sa na'ura ta mai da muryarsu kamar ana magana cikin gwangwani, ya mai da kwaɗo attajiri, ya ba shi mota da budurwa. Sai masu zanen katun suka sa masa tabarau da hula. Kowa ya zo sai ya ƙara wani abu, babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi me ya sa kwaɗon yake buɗe baki.

Wanda ya fi ba ni haushi wani masani ne da na ji a rediyo ina cikin mota. Da murya mai nauyi, yana gyaran maƙogwaro, ya bayyana wa jama'a cewa waƙar ta kaka da kakanni ce, ta girmi zuwan Turawa, kwaɗo yana nufin talaka, takalmi kuma mulki. Mai gabatar da shirin tana ta cewa ikon Allah. Takalmin roba ne fa a baitin farko. Ban san wane kakan nasa ne ya sa takalmin roba kafin zuwan Turawa ba. Da na iya shiga cikin rediyon nan da na gaya masa kwaɗo yana nufin kwaɗo, takalmi yana nufin ki buɗe baki ki sha kunu.

Baba shi bai damu ba. Wani mai shan shayi ya taɓa kunna masa ta makarantar nan a waya, yana ba shi labarin wai sabuwar waƙar yara ce mai daɗi. Baba ya saurara har ƙarshe yana ta juya shayi daga kofi zuwa kofi. Da ta ƙare ya ce, "To yaushe yaron zai haɗiye?" Mutumin bai gane ba, Baba kuma bai yi masa bayani ba, ya miƙa masa shayinsa.

Bayan rasuwarsa Mama ta buɗe akwatin zannuwanta ta ciro kaset ɗin a naɗe cikin ɗankwali. Da Hausarta da ba ta taɓa bambanta mace da namiji ba ta ce, "Ka riƙe shi da kyau, babanka yana ciki." Na riƙe. Ina da tsohon rediyo da nake sa shi jefi-jefi, ba don baitocin ba, waɗannan na haddace. Shiru na uku nake jira. Daga baya rediyon ya mutu, masu gyara suka ce an daina kawo kayansa, kaset ya koma cikin ɗankwali ya yi shekaru.

Sai 'yata ta kwanta zazzaɓi tana shekara huɗu da wani abu, ta tashi ta ƙi abinci, kamar an kwafo ni. Na gwada rera mata waƙar. Amma ni muryata ta faɗa ce, kuma ban gaji haƙurin Baba ba ko kaɗan. Kafin ta haɗiye na farko na fara cewa ki yi sauri mana, ita kuma ta datse haƙora. Kullum wuyan rigarta ƙara faɗi yake yi. Tsoro ya kama ni. Na ce bari in kawo mata mai waƙar da kansa, a juye kaset ɗin a waya, shi ya rera ni in riƙe cokali, shirunsa ya koya mini jira.

Aka kwatanta mini wani situdiyo a saman bene kusa da tashar Utako, wai shi kaɗai ya rage mai na'urar kaset. Ɗaki ne ƙarami an manna kwalayen ƙwai a bango, da kwamfuta da wasu manyan sifiku. Mai wurin zai yi shekara talatin da 'yan kai, yana sanye da baƙin tabarau a cikin ɗakin da ba taga, da sarƙa a wuya, masu shagunan kusa suna ce masa oga injiniya. Ban san wace makaranta ce ta ba shi injiniyan ba. Tun kafin in zauna ya fara lissafo mini mawaƙan da ya ce shi ya fito da su, ban san ko ɗaya ba.

Na yi masa bayani dalla-dalla, kuma wannan nake maimaita wa kaina har yau don in tabbatar ba laifin bakina ba ne. Na ce kaset ɗin mahaifina ne, ya rasu, babu wani sai shi. Na ce a juye shi yadda yake, kada a ƙara kada a rage. Ya juya kaset ɗin a hannu, ya karanta jan biron, ya yi dariya ya ce ai ya san waƙar, tsohuwar waƙar gargajiya ce, har ya taɓa jin wani farfesa yana bayaninta a rediyo. Na ce mahaifina ne ya yi ta. Ya yi mini murmushin nan.

"No wahala, madam," in ji shi. "Ki dawo jibi, za ki ji aiki."

Kalmar aikin nan ya kamata ta tsayar da ni. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin kamar in koma in karɓe abina, amma na tuna wuyan rigar 'yata, na sauka.

Ranar da ya sa mini, da hantsi na koma. Na tarar da shi yana jirana da fara'a, har kujera ya goge mini. Ya ce in rufe ido in saurara. Ban rufe ba. Ya danna, muryar Baba ta fito daga sifikun nan tas, kusa, kamar yana zaune a ɗakin. Kwaɗo ya je rumfar mai roba, ya buɗe baki zai taya. Kafin in ja numfashi sai ga shi a rumfar mai fata. Ya buɗe baki, sai ga shi a ta gaba. Babu cokali, babu tari, babu kaza. Baitocin sun hau kan juna, Baba yana ta zuba ba tsayawa kamar mai tallan magani a tasha. Waƙar da kan ɗauki tsawon shan kofin kunu ta ƙare kafin in gyara zama.

Na tambaye shi ina sauran. Ya ce wane saura. Ya juyo mini da kwamfuta ya nuna mini wasu zane-zane kamar kunyoyin doya, ya ce nan ne murya. Tsakaninsu kuma da akwai dogayen layuka a kwance, su ya bi ɗaya bayan ɗaya ya yanke. Ya ce ya kai awa biyu yana yi, wasu sai sun roƙe shi yake yi musu irin wannan.

"Wurin nan duk ba komai a ciki, madam. Tsohon yana mantuwa ne, sai ya tsaya yana tunani. Ga wani yaro yana ta tari a baya, ga ƙarar kwano. Duk na share miki, yanzu ya zama kilin."

Na ce yaron da ke tarin ni ce. Ya ce ayya, sannu, amma ai yanzu na warke. Na ce a shiru na uku akwai magana. Ya ce ya ji wani ɗan gunaguni, iska ce ta shiga makirfo.

Na ce to ya ba ni wanda ya fara juyewa kafin ya sa hannu. Ya ce kwamfutarsa ta cika, ba ya ajiye datti, da ya gama aiki yake gogewa. Na ce ya ba ni kaset ɗina. Nan ya ɗan sosa ƙeya, ya ce zaren ya tsufa, da yana mayar da shi baya na'ura ta taune shi, ya kanannaɗe a ciki har sai da ya sa almakashi kafin ya ceto na'urarsa. Zaren ya tafi da shara tun jiya. Ya buɗe aljihun tebur ya ciro gidan kaset ɗin wayam, jan biron na nan a jikinsa, ya miƙo mini, ya ce in ina so in ajiye don tarihi. Ya ƙara da cewa kada in damu, yanzu komai na cikin waya, kaset ya zama tsohon yayi.

Ni mai baki ce, duk wanda ya san ni ya sani. Na taɓa tsayar da layin mota guda a Gudu saboda wani direba ya fallatsa mini ruwa. Amma ranar nan ban ɗaga murya ba, domin na duba mutumin nan sama da ƙasa na ga babu inda zagi zai kama. Bai yi don mugunta ba. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Shi a ransa alheri ya yi mini, yana tsaye yana jiran godiya, tabarau a fuska. Mutum ne da bai taɓa zama ya jira kowa ya gama komai ba, don haka duk inda ya ji an yi shiru sai ya ɗauka wuri ne da aka manta ba a cike ba. Raina shi na yi, raini irin wanda ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, shi da mai makarantar da mawaƙin da masanin rediyon, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Na raina kaina ma, da na ga tabarau a ɗaki mai duhu na kuma bar masa mahaifina. Ya tura mini waƙar a waya. Ina fita ya biyo ni bakin bene yana tambaya ko zan yarda ya sa mata kiɗa a ƙasa ya sake ta, wai za ta yi kasuwa. Ban juyo ba.

Na isa gida rana ta take. Na dama kunu, na zaunar da 'yata a kan kujera, na ajiye gidan kaset ɗin a gefe. Duk da abin da na ji a Utako ban fid da rai ba, na ce ko ba komai muryarsa ce, wataƙila ta yi aikinta. Na kunna. Da ta ji kwaɗo zai sayi takalmi ta ɗago kai, ta yi murmushin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Ya wage baki, ta wage nata, na sa cokali. Ya shige. Amma kunun na bakinta murya ta riga ta kai rumfa ta biyu, kwaɗo ya sake buɗe baki. Ta yi ƙoƙarin haɗiyewa da sauri don ta cim masa, ta ƙware, ta yi tari har hawaye, kunu ya zubo a rigarta. Shi kuwa yana can rumfa ta huɗu.

Da tarin ya lafa ta ture wayar da bayan hannu.

"Mama, wane ne wannan?"

Na ce kakanta ne, mahaifina.

"Ba na son shi. Ba ya jira."

Mutumin da ya yi makonni a kan benci da cokali a hannu yana kallon maƙogwarona, wanda kunu kan huce a kofinsa bai ce mini uffan ba, shi ne jikarsa ta sani a matsayin wanda ba ya jira. Wannan ne aikin da aka yi mini a Utako. Na so in yi mata bayani, amma ba ni da abin da zan kunna mata ta ji da kunnenta, kuma ba zan ƙara samu ba.

Na kashe wayar na kife ta. Na goge mata riga. Na ɗauki kofin, na fara daga rumfar mai roba da muryar nan tawa ta faɗa, na wage baki har muƙamuƙina ya yi ƙara. Ta dube ni da shakka, ta ɗan buɗe nata, cokali ya shiga. Ta ajiye kunun a kumatu ta zuba mini ido, tana jira ta ga ko ni ma zan wuce in bar ta. Kalmar yi sauri ta zo har bakina, na danne ta da haƙora. Kunu yana hucewa a hannuna, ana ta hon a titi, ita ba ta motsa ba. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Can na ji kaina na yi ƙasa da murya na ce mata ina nan, ba inda za ni.

Sai da ta ƙara dubana sosai kafin maƙogwaronta ya motsa. Na ƙwanƙwasa cokali a bakin kofi sau biyu.